Yadda Makaranta Za Ta Shigo da Manhajar Koyarwa Ba Tare da Sirrin Ɗalibanta Ya Fita Ba

A 'yan shekarun nan da wuya a gama zangon karatu ba tare da wakilin wani kamfani ya shigo ofishin shugaban makaranta da kwamfuta a jaka ba, yana tallan manhajar da aka ce za ta koyar da kowane yaro daidai da ƙarfin fahimtarsa, ta ja wanda aka bari a baya a hankali, ta kuma saki mai hazaƙa ya wuce gaba. Alƙawarin ba ƙarya ba ne gaba ɗayansa, domin malamin da ke tsaye gaban yara 70 ko 80 ba shi da yadda zai san inda kowannensu ya maƙale, alhali manhaja mai kyau tana iya ganewa daga amsoshin da yaro ya bayar. Sai dai ba ta iya yin haka sai ta riƙa rubuta komai: abin da yaro ya amsa, inda ya yi kuskure, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa. Idan aka haɗa wannan da sunansa, hotonsa, unguwarsu da lambar wayar mahaifinsa, an tara wa yaro kundin da bai san da shi ba, a ajiye a wurin da galibi makarantar ita kanta ba ta sani ba.

An tsara matakan da ke tafe domin masu makarantu, shugabannin makarantun firamare, sakandare da islamiyyu, 'yan kwamitin kula da makaranta na SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai. Dokar da aka dogara da ita ita ce Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, wadda kuma ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Masu makarantu a Nijar suna da tasu hukumar kare bayanai, HAPDP, na Gana suna da dokarsu ta 2012. Lambobin sassan doka sun bambanta, amma aikin da ke kan shugaban makaranta kusan iri ɗaya ne.

Mataki na farko: a gano matsalar, a auna yara a takarda

Kafin a kalli kowace manhaja, a zauna da malamai a rubuta matsala guda da ake son magancewa, kuma a rubuta ta yadda za a iya aunawa. Cewa ana son inganta ilimi buri ne kawai. Matsala ita ce irin a ce yawancin 'yan aji huɗu ba sa iya karanta sakin layi ɗaya da Hausa, ko kuwa 'yan JS 1 ba sa iya lissafin rabawa.

Hanya mafi sauƙi ta aunawa ita ce wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, wadda aka fi sani da TaRL, wato koyarwa daidai da matakin yaro, aka kuma yi aiki da ita a makarantun gwamnati a Borno da Kano. Malami yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa yaro takarda mai baƙaƙe, kalmomi, sakin layi da gajeren labari, cikin 'yan mintuna ya san matakinsa: wanda bai san baƙi ba, mai gane baƙaƙe, mai haɗa kalma, mai karanta sakin layi, da mai karanta labari. Haka ake yi a lissafi, daga gane lamba zuwa ragewa da rabawa. Daga nan sai a ware wani lokaci kullum a zaunar da yara rukuni-rukuni bisa matakinsu, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba. Wannan shi ne ainihin koyar da yaro daidai da buƙatarsa, an kuma yi shi ba tare da wani bayani ya bar harabar makaranta ba.

Wannan mataki yana da muhimmanci domin na'ura ita kaɗai ba ta koyarwa. Gwamnatin Feru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba. A Delhi kuwa, yaran da suka yi kimanin wata huɗu da rabi suna aiki da manhajar Mindspark sun ƙaru sosai a lissafi da harshen Hindi, saboda tana farawa daga inda yaro yake a zahiri, ko da ya gaza ajinsa da shekara uku. Sakamakon gwajin takarda shi ne ma'aunin da za a koma wa nan gaba a ga ko kuɗin da aka kashe ya yi amfani.

Mataki na biyu: a ƙirga bayanan da makaranta ta riga ta tara

A ɗauki littafi a zagaya ofis-ofis ana rubuta abu huɗu game da kowane irin bayani: mene ne shi, ina yake, wa ke iya ganinsa, kuma me ya sa ake riƙe da shi. Za a tarar da fom ɗin ɗaukar ɗalibai, kwafin takardar haihuwa, hotunan fasfo, rajistar aji, littafin kuɗin makaranta da sunayen masu bashi, takardun asibiti, da lambobin shaidar ɗan ƙasa (NIN) na 'yan ajin ƙarshe, tun da hukumar JAMB ta wajabta lambar ga masu rajista daga 2021. Za a kuma tarar da abin da ba a zata ba, kamar sakamakon zango uku a wayar jami'in jarrabawa, da filash a aljihun akawu, da kwafin jerin sunaye a kwamfutar shagon da ake kai bugu. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko gyaɗa aka naɗe masa a takardar jarrabawa mai ɗauke da cikakken sunan yaro, ajinsa da jan biron malami, ya san cewa fitar bayanai ta girmi kwamfuta.

A yi wa wasu bayanai alama ta musamman. Doka ta ware lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa da zanen yatsansa a matsayin bayanai masu tsananin sirri, kuma sashe na 30 ya ƙuntata hanyoyin amfani da su. Cewa yarinya tana da sikila ko farfaɗiya abu ne da malamin ajinta da mai kula da lafiya suke buƙatar sani domin su cece ta idan ciwon ya tashi, amma idan ya yaɗu a gari yana iya binta har lokacin aurenta. Akwai kuma abin da doka ba ta sa a wannan jeri ba, amma halin da Arewa ke ciki ya sa ya zama mai haɗari. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, Jangebe da Tegina a 2021 da Kuriga a 2024, babu mai makarantar da ke buƙatar a yi masa bayanin abin da infoma zai iya yi da takarda guda mai nuna sana'ar uba, kwatancen gida, da hanyar da motar makaranta ke bi da lokacin tashinta. Irin wannan bayani mutum biyu ko uku ne ya kamata su riƙe shi, kuma a takarda, a kabad mai kwaɗo.

A wannan zama ne za a naɗa ma'aikaci guda mai riƙon amana ya zama jami'in kula da bayanai, a sanar da malamai da iyaye sunansa. A kuma tuntuɓi NDPC a kan rajista, domin sanarwar da ta fitar a 2024 ta sanya makarantun firamare da sakandare cikin waɗanda ake so su yi.

Mataki na uku: a yanke abin da zai shiga manhaja

Ƙa'idar da ke sashe na 24 a bayyane take: a karɓi bayani domin wata manufa da aka fayyace, kuma kada ya wuce gwargwadon buƙatar manufar. Manhajar da za ta koya wa yaro lissafi tana buƙatar ta bambanta shi da sauran yara, ta san ajinsa, ta kuma ajiye amsoshinsa. Ba ta buƙatar ranar haihuwarsa, hotonsa, ƙaramar hukumarsu, sana'ar mahaifinsa ko lambar NIN. Idan fom ɗin kamfani ya nemi waɗannan, a bar gurbin babu komai, idan kuma manhajar ta ƙi buɗewa sai an cike, wannan kansa amsa ce game da kamfanin.

Dabara mafi arha, wadda a ganina ta fi duk wani makullin zamani amfani, ita ce a ba kowane yaro lamba. Maimakon sunansa, a shigar da shi a matsayin 4B-17, wato aji huɗu B, yaro na goma sha bakwai. Littafin da ke nuna wane ne 4B-17 ya zauna a hannun malamin aji, kwafinsa kuma a ofishin shugaban makaranta. Yara suna haddace lambarsu a rana ɗaya, ƙananan kuma a rubuta musu a bangon littafi. Da haka, ko an yi wa kamfanin kutse, abin da ɓarawo zai samu shi ne cewa wani 4B-17 a wata makaranta bai iya rabawa ba. Kada a yi amfani da lambar ɗaukar ɗalibi da ke kan katin sakamako, domin ta riga ta zagaya hannaye da yawa.

Na'urar ɗaukar zanen yatsa ko ta gane fuska domin kiran suna da safe, a bar ta. Rajistar aji tana yin aikin, kuma yaron da aka sace kalmar sirrinsa ana iya canza masa wata, amma ba a canza masa yatsa.

Mataki na huɗu: a binciki manhajar da kamfaninta

Kada a yi cinikin biri a sama. A nemi kamfani ya bar manhajar na mako ɗaya ko biyu a kan na'urar makaranta, malamai biyu su shiga da lambobin ƙirƙira su yi aiki da ita kamar ɗalibai. Su riƙa ba da amsa ba daidai ba da gangan, su ga ko za ta sauko da su mataki na ƙasa ko kuwa za ta ci gaba da jero darussa kamar babu abin da ya faru; da yawa daga cikin manhajojin da ake tallatawa bidiyo ne da tambayoyi da aka jera, kowa iri ɗaya yake gani. Su duba ko darussan sun bi tsarin karatu na hukumar NERDC mai tsara darussan makarantu, da kuma ko akwai Hausa ga ƙananan azuzuwa. Sannan a buɗe saitin na'urar a ga izinin da ta nema. Manhajar lissafi ba ta da dalilin neman jerin lambobin waya, saƙonni, ko wurin da na'ura take. Makirfo yana da dalili idan tana sauraron karatun yaro, amma a tambayi inda muryar ke zuwa da tsawon zamanta.

Tambayoyin da za a yi wa wakilin kamfani a yi su a rubuce, a kuma karɓi amsa a rubuce. A wace ƙasa rumbun bayanan yake, tun da sassa na 41 zuwa 43 sun gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje? Ma'aikatansu nawa ne ke iya buɗe bayanan yara? Suna ba wani kamfani, musamman na talla? Suna amfani da amsoshin yara ko muryoyinsu wajen horar da ƙirƙirarriyar basira? Sun yi rajista da NDPC? An taɓa yi musu kutse? Wakilin da ya ce komai a tsare yake amma ya kasa kawo takarda, a gode masa a sallame shi.

Manhajar kyauta ta fi buƙatar bincike, domin dole akwai inda masu ita ke samun kuɗi. A 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafuka fiye da 160 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince da su lokacin kullen korona, ta tarar kimanin kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da damar yin hakan, yawanci domin kamfanonin talla. Amincewar gwamnati, ke nan, ba ta ɗauke wa makaranta nauyin dubawa ba. Akwai na kyauta da ba talla suke nema ba, kamar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, mai darussa da Hausa, da kuma Kolibri, wadda ake iya ɗora ta a kan kwamfuta guda a cikin makaranta, sauran na'urori su haɗu da ita ba tare da intanet ba. Ga makarantar da ke fama da tsadar data da rashin sabis, irin wannan ta biyu tana magance matsala biyu lokaci guda, domin bayanan yara ba sa fita daga ɗakin da kwamfutar take.

Mataki na biyar: a rubuta yarjejeniya

Rasiɗin biyan kuɗi ba yarjejeniya ba ne, haka ma danna maɓallin amincewa a allon kwamfuta. A idon doka makaranta ce mai alhakin bayanan, kamfani kuwa ɗan aikinta ne, kuma sashe na 29 ya bukaci a rubuta abin da ke tsakaninsu. Idan abu ya lalace, ƙofar makaranta iyaye za su zo, ita kuma hukuma za ta fara tambaya. Tarar tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin.

Yarjejeniyar ta faɗi a fili cewa bayanan ba mallakar kamfani ba ne, ba za a yi amfani da su ba sai domin koyarwa, ba za a sayar ko a yi talla da su ba, kuma ba za a miƙa wa wani kamfani ba sai da izinin makaranta a rubuce. Ta ƙayyade cewa kamfani zai sanar da makaranta cikin awa 24 idan ya gano kutse. Ta kuma faɗi abin da zai faru idan an rabu, ko kamfanin ya rufe, ko wani ya saye shi: a dawo wa makaranta da kwafin bayananta a tsarin da za ta iya buɗewa, a goge na wurinsu cikin kwanakin da aka ambata. Mutane suna raina wannan sharaɗi na ƙarshe, alhali kamfanonin nan suna mutuwa. Manhajar koyarwa ta Edmodo, wadda miliyoyin malamai a duniya suka dogara da ita, ta rufe a 2022, a shekarar da ta biyo baya kuma hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta yanke mata tarar dala miliyan 6 saboda tara bayanan yara ba da izinin iyaye ba da yin talla da su, da kuma ɗora wa makarantu nauyin neman izinin. Ƙaramar makaranta da ba ta da lauya tana iya haɗa kai da takwarorinta a ƙungiyar masu makarantu, su biya lauya guda ya rubuta musu samfuri ɗaya.

Mataki na shida: a yi wa iyaye bayani, a nemi yardarsu

Yaro a doka shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, kuma sashe na 31 ya ce yardar mahaifi ko mariƙi ake nema a madadinsa. Gaskiya ne sashen ya yi sassauci ga aikin ilimi da ke ƙarƙashin ma'aikaci mai nauyin riƙe sirri, shi ya sa ba a neman izini kafin a kira suna ko a rubuta maki. Amma miƙa bayanan yaro ga kamfanin waje, ɗaukar muryarsa, ko sa hotonsa a Facebook da allon talla a bakin titi, ba abin da za a fake da wannan sassauci a yi ba ne. Sashe na 26 kuma ya ce shiru ba yarda ba ne, saboda haka takardar da ke cewa wanda bai dawo da amsa ba an ɗauka ya amince ba ta da amfani.

Takardar ta zama gajeriya, da Hausar da kowa zai gane, da ajami ga waɗanda suka fi sabawa da shi. Tana iya zama kamar haka: "Assalamu alaikum. Daga zango mai zuwa 'yan aji huɗu za su riƙa yin darasin lissafi da manhaja sau uku a mako a cikin makaranta. Abin da za a shigar game da yaronku shi ne lambar da muka ba shi, ajinsa da amsoshinsa. Ba za a shigar da sunansa, hotonsa, adireshinku ko lambar wayarku ba. Malamin aji da shugaban makaranta ne kaɗai za su san sakamakonsa, kuma za a goge shi idan ya bar makaranta. Idan ba ku amince ba, yaronku zai yi darasin a takarda, ba za a rage masa maki ba, kuma kuna iya janye amincewarku duk ranar da kuka ga dama." A ƙasa a bar gurbin sa hannu ko dangwala yatsa, da gurbi dabam na izinin hoto, domin mutum yana iya yarda da darasi ya ƙi yarda a nuna fuskar 'yarsa.

Takarda ita kaɗai ba ta isa ba. A kira taron iyaye a nuna manhajar a fili, a bar mutane su yi tambaya. Iyaye mata da yawa ba sa fita taro, kuma su ne ke riƙe da wayar da yaro zai taɓa a gida, saboda haka a tura musu saƙon murya ko a wakilta malamai mata su yi musu zama na daban. Idan wata uwa ta tambaya ko za a ga 'yarta a intanet, amsar ta zama kai tsaye: "Hajiya, lamba ce kawai a ciki, sunanta yana littafin da ke ofishina, kuma ga shi ki gani." A lura da yaran da ke hannun kaka, kawu ko malamin tsangaya, a tabbatar wanda ya sa hannu shi ne mai riƙonsu da gaske. Wanda ya ga wannan mataki ɓata lokaci ne ya tuna da inBloom a Amurka, shirin tara bayanan ɗalibai da aka zuba wa dala miliyan 100, wanda ya rushe a 2014 bayan iyaye sun tashi tsaye saboda ba a tuntuɓe su ba.

Mataki na bakwai: a tsare na'urori da hannayen da ke taɓa su

Yawancin fitar bayanai a makarantunmu ba gwanin kutse ne ke jawo ta ba, sakaci ne na yau da kullum. Kowane malami ya sami tasa kalmar sirri, mai tsawo, ba sunan makaranta da shekara ba, kuma ya ga ajinsa kaɗai. Asusun shugaba, wanda ke buɗe komai, a sa masa tabbatarwa mai mataki biyu, wato sai an shigar da lambar da aka turo waya bayan kalmar sirri. A Disamban 2024 da kalmar sirri guda da aka sata aka shiga rumbun kamfanin PowerSchool aka kwashe bayanan miliyoyin ɗalibai da malamai a Amurka da Kanada; kamfanin ya biya kuɗin fansa, amma bayan 'yan watanni aka koma ana neman kuɗi daga hukumomin makarantu da bayanan nan dai.

Ranar da malami ya bar aiki, ko mai yi wa ƙasa hidima ya gama shekararsa, a rufe asusunsa kafin ya karɓi takardar sallama. Na'urorin yara su kwana a kabad, kuma yaro ya fita daga asusunsa kafin ya miƙa wa na gaba. Wayar da za a sayar ko a kai gyara, a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a ko'ina, a cire katin ajiyarta, idan sayarwa ce a goge ta tas a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan dole sai an kai bugu shago, ma'aikacin makaranta ya tsaya a kai, ya ga an goge fayil ɗin har daga kwandon shara na kwamfutar, ya kuma kwashe takardun da suka lalace ya taho da su.

Zauren WhatsApp na iyaye wurin sanarwa ne, kamar ranar hutu da ranar komawa. Sakamakon aji gaba ɗaya, jerin masu bashin kuɗin makaranta, ko hoton yaron da aka hukunta, ba su da wuri a cikinsa. Malaman da ke neman taimakon ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta sharhin katin sakamako kuma su cire sunan yaro da duk abin da zai nuna shi kafin su liƙa rubutun.

Mataki na takwas: a gwada da aji ɗaya na zango ɗaya

A fara da aji guda da darasi guda. Kowane mako malami ya zauna ya duba rahoton manhajar da tambaya ɗaya a ransa: su wa suka maƙale, a kan me, kuma me zan yi musu ranar Litinin? Rahoton da bai canza abin da malami ke yi a aji ba tarin bayani ne da ba shi da dalilin zama. A ƙarshen zango a maimaita gwajin takarda na mataki na farko, a kwatanta da ajin da bai yi amfani da manhajar ba, sannan a yanke shawarar faɗaɗawa ko dainawa.

Kada a bar manhaja ta yanke wa yaro hukunci. Tana iya cewa yaro mai rauni ne alhali Turancin tambayar ne bai gane ba, ko ba ya gani sosai, ko ya fito gida bai karya ba, ko kuwa yayansa ne ya amsa masa jiya. Sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke shawarar da za ta shafi rayuwarsa sosai, don haka maimaita aji, ko tura yaro ɓangaren kimiyya ko na adabi, sai malami ya duba, ya kuma ji ta bakin yaron da iyayensa. Matakin da aka sa yaro ya riƙa canzawa duk bayan 'yan makonni, kada a liƙa shi a allon sanarwa, kada kuma a ba rukunoni sunayen da za su zama abin tsokana a filin wasa.

Mataki na tara: a shirya wa ranar matsala, a kuma riƙa gogewa

A rubuta a takarda guda abin da za a yi idan an sace kwamfuta, ko waya ta ɓata, ko an tura fayil inda bai kamata ba. Wanda ya fara ganowa ya sanar da jami'in kula da bayanai nan take, kuma a tabbatar wa malamai cewa ɓoyewa ce laifi mafi girma. A canza kalmomin sirri, a sanar da kamfani, a rubuta abin da ya fita da adadin yaran da abin ya shafa. Sashe na 40 ya ba makaranta awa 72 ta sanar da NDPC idan akwai yiwuwar cutarwa, idan kuma haɗarin babba ne a gaya wa iyaye ba tare da jinkiri ba, cikin magana mai sauƙi. A faɗa musu abin da za su yi tsammani, musamman kiran 'yan damfara da ke ambaton sunan yaro da ajinsa suna cewa an kai shi asibiti a turo kuɗi, a kuma ba su lambar makaranta guda da za su kira su tabbatar.

Mahaifin da ya nemi ganin abin da aka rubuta game da ɗansa, ko ya nemi a gyara kuskure a suna ko shekaru, sashe na 34 ya ba shi wannan haƙƙi, sai a amsa masa a rubuce cikin lokaci. A ƙarshen kowace shekarar karatu a ware rana guda ta sharewa. Rajistar ɗaukar ɗalibai da sakamakon ƙarshe ana riƙe su, domin tsohon ɗalibi zai dawo neman shaida ko bayan shekara ashirin. Amsoshin yau da kullum na manhaja, muryoyi, hotunan da aka gama amfani da su da asusun yaran da suka tafi, a goge su. Tsoffin takardun jarrabawa a mayar wa masu su ko a ƙone su a gaban ma'aikaci, kada a sayar wa masu sayen takarda a kilo. Daga nan a rubuta wa kamfani jerin lambobin yaran da suka bar makaranta, a nemi ya goge nasu, ya kuma aiko da takardar shaida mai kwanan wata da sa hannu, a ajiye ta a fayil ɗaya da yarjejeniyar da takardun yardar iyaye.